Ɗan Tsako a Cikin Buta

A Yelwa ta Garwa, bayan shagon mai gyaran rediyo,
akwai rumfar Hamajoda, buhu ne labulenta.
Dala biyar ake shiga.
Wanda ba shi da ita ya nemi hudar zana,
ya kafa ido ɗaya har ya kawo ruwa.
Ni tawa canjin daddawa ce da Inna ta manta.

Manya na jiran na Indiya da na 'yan kareti,
aka ce a fara sa wa yara na zane kafin magariba,
wai abin dariya.
Benci ya cika, ƙafafunmu na lilo,
ga warin gumi, ga ƙuli-ƙuli, ga hayaƙin janareto.

Sai ga wata buta shuɗiya a kan murhu.
Ta buɗe ido. Buta fa!
Murfi ya ɗaga, haƙora a jere kamar zarto.
Ta sauko da ƙafafu biyu sirara,
tana taku irin na zalɓe a bakin Binuwai.
Ɗan tsako rawaya na tsince-tsincensa,
kafin in ce wayyo ta haɗiye shi,
ta mai da murfi, ƙwal.

Faransanci suke yi, mu ko lekol ba mu fara ba.
Bakari ɗan aji uku ne tafintanmu,
ya juyo, ya murtuke fuska:
"Cewa ta yi, gobe sai yaron benci na biyu."
Na ƙirga da ido.
Ni ne a benci na biyu.

Nan janareto ya yi tari, ya mutu.
Duhu, ihu, Hamajoda na rantsuwa ba ya mai da kuɗin kowa.
Na fito da takalmi ɗaya,
ɗayan har yau yana can.

Butoci huɗu ne a gidanmu.
Wata uku ina alwala da ƙoƙo.
Baba ya ce sangarta ce, Inna ta karɓo rubutu,
Yaya Dudu ce kaɗai ta gano ni,
ta riƙa ajiye ta ƙarfen a bakin tabarmata,
bakin na kallon wuyana.
In fitsari ya matse ni da dare
sai in ƙudundune, in ƙirga kukan jakin maƙwabta har asuba.
Ba haƙoran ne suka fi damuna ba.
Tsakon ne.
Yana numfashi a ciki? Akwai haske?
Wa ya gaya wa uwarsa?

Shekara talatin da ɗaya.
Yanzu kayan babur nake sayarwa a babbar kasuwa,
furfura ta fara leƙowa a haɓa.
Jiya Suwaiba na kwance da wayata tana ƙyalƙyala dariya,
na ji wannan ƙwal ɗin daga tsakar gida,
cokali ya tsaya min a hanya.

"Baba zo ka gani!"
Na zo, na tsaya daga baya.
Shaƙuwa ta kama butar, ta kumbura, ta yi fito,
tsakon ya fito ta baki kamar an harba gwafa,
jiƙe sharkaf, ya girgije,
ya ɗauki murfin ya kifa a kai, ya yi gaba abinsa.
Minti biyu.
Minti biyu kacal suka rage ranar da janareto ya mutu.

Na kira Bakari, yana hanyar Njamena da tirela.
Na ce, don Allah, me butar nan ta ce?
Ya yi dariya har na ji ya taka birki.
Ya ce, "Wallahi ni ma ban ji ba,
ni ma a benci na biyu nake."

Da aka kira isha'i Suwaiba ta kawo min ruwa,
ta riƙo butar da hannu ɗaya, tana waƙa.
Na karɓa, na gode mata.
Sai da ta juya baya
na ɗaga murfin na leƙa.